Ranar da Tokuji Ya Buɗe Hanyar Shiru

Idan ana lissafin masu cika baki a tsibirinmu na Shikoku, to a fara da mijin yayata, Tokuji, sannan a zauna a huta kafin a nemo na biyu. Ya haura saba'in, amma ban taɓa jin an ambaci wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba. Sau ɗaya na yarda ya gyara mini famfo, sai da muka wuni muna kwasar ruwa daga ɗaki da bokiti, shi kuwa yana tsaye yana bayanin cewa tun asali magina ne suka karkata gidan. Ina son mutumin, ban ɓoye ba, amma yana ba ni haushi fiye da kowa a duniya.

Tun da yayata ta rasu yake zaune shi kaɗai a gidan bakin gada, a ƙauyenmu Hiyodani. Ɗansa Noriaki yana aiki a Osaka, ya kuma matsa lamba sai uban ya tattara ya koma wurinsa, wani ɗaki can saman bene inda ko ƙasar dasa albasa babu. Tokuji bai taɓa cewa yana tsoron tafiyar ba. Amma na lura duk ranar da Noriaki ya bugo waya, washegari sai ya tashi da wani sabon shiri wanda wai garin ba zai rayu ba sai da shi.

A kakar nan sai ga shiri ya faɗo masa daga sama. Ofishin gunduma ya yi shela yana neman hanyoyin karkara marasa mota, inda masu yawon keke za su riƙa zuwa shan iska, kuma duk ƙauyen da aka zaɓa za a naɗa mutum ɗaya mai kula da hanyar. Mu kuwa in akwai abin da muka fi kowa, to rashin mota ne. Tun da aka huda dutse aka yi sabon titi ta can baya, tsohuwar hanyarmu ta mutu. Motoci suka daina bi, bas ta daina bi, har masu ziyara, waɗanda ke zagaya ɗakunan ibada tamanin da takwas na tsibirin nan cikin fararen riguna, su ma suka koma sabon titi. Kare yakan kwanta a tsakiyar kwalta tun safe, sai yunwa ta tashe shi.

Tokuji ya kira ɗansa a gabana ya sanar da shi cewa an kusa naɗa shi. Noriaki, wanda ya gaji da shirye-shiryen ubansa, ya ce ya yarda: in ofis ya karɓi hanyar ya ba shi aikin, ya zauna, in ba a karɓa ba, kafin sanyi ya shigo zai zo ya ɗauke shi, kuma ba sauran magana.

"Ka fara neman wanda za ka ba ɗakin nan," in ji Tokuji. "Ni gwamnati ta riƙe ni."

Aka sa rana. Wata jami'a, Malama Kirino, za ta zo da 'yan ƙungiyar keke biyar daga birni su gwada hanyar. Tokuji ya raɗa mata suna Hanyar Shiru, ya yi wa jami'ar alkawari a waya cewa in ganye ya faɗo daga bishiya za ta ji ƙararsa.

Sai ya shiga shiri. Da farko ya bi gida-gida ya karɓe makullan duk akori-kurar garin, har da tawa, wai kada wani ya manta ya fito da mota ranar. Ya zuba su a jaka ya ɗaura a ƙugu, yana tafiya suna kacau-kacau. Ya sa a ɗaure karnuka a bayan gida. Ya ce Baba Ginzo ya kife zakaransa da kwando. Baba Ginzo ya tambaye shi ko a gaya wa kwaɗin fadama su ma su yi shiru, Tokuji ya ce ya riga ya yi magana da su.

Daga nan ya ce ayarin da zai jagoranta ba zai fita kowa da kalar rigarsa kamar 'yan kasuwa ba, sai an yi anko. Ya je ɗakin ajiyar tsohon wurin ibadarmu ya kwaso fararen riguna da malafu na masu ziyara, waɗanda suka shekara da shekaru a ninke ba mai sawa.

Na ce, "Yaya, ka san abin da rigar nan take nufi a garin nan."

"Matsalarka ke nan, Sadao, kanka bai wuce hancinka ba. Fari yana haske a hoto. Kuma wace tsohuwa ce za ta ga mutum a kan keke mai giya ashirin ta ce mai ziyara ne?"

Ya wanke su tas ya shanya a igiyar ƙofar gidansa, a bakin gada, inda duk wanda zai je ko'ina sai ya bi. Kafin rana ta yi tsaka duk garin ya gani. Da yamma na zagaya, sai na ji kowane gida yana ƙamshin dahuwa, amma da na gaya masa sai ya ce girmama shi ake yi.

A wurinmu mai ziyara ba ya wuce ƙofar gida hannu rabbana. Ka ba shi abin da kake da shi, ko lemu ɗaya ne, shi kuma ba shi da ikon ya ƙi, domin ba shi ka ba ba: ƙafarka ce ka ɗora masa ya kai maka inda ba ka iya zuwa. Ƙin karɓa ya fi zagi. Tsofaffin Hiyodani kuwa sun shekara ashirin suna jiran wanda za su ba.

Ran tafiya baƙi suka iso da kekunansu sirara, marasa kwando, marasa kariyar ɗora kaya a baya, irin waɗanda za ka ɗaga da yatsa biyu. Suka yi ta kallon rigunan suna kallon juna, amma da yake mutanen birni ne masu kunya, suka saka, suka rataya malafu a baya saboda hular kwano. Tokuji ya hau tsohon baƙin kekensa na dakon shinkafa ya shige gaba. Ni aka ba ni famfon taya aka ce in bi baya. Ya ɗaga hannu ya ce kowa ya buɗe kunne ya saurari shiru.

Ba mu gama tsallake gada ba muka tarar da Goggo Fusae a tsakiyar hanya da teburi. Ta kusa casa'in, ta ranƙwafa har kanta bai kai kan keke ba, amma ba a haifi wanda zai gitta ta ba. Ta haɗa tafin hannu ta sunkuya, idonta har da ƙwalla, ta shiga zuba shayi. Kowa ya samu dunƙulen shinkafa biyu da jakar lemu.

Malama Kirino ta fara cewa, "Iya, ki yi haƙuri, ai mu ba…"

Tokuji ya tari numfashinta. Ya ga kuskurensa sarai, na ga yadda kunnensa ya yi ja, amma da ya amsa shi gara ya haɗiye malafar. "Ranki ya daɗe, ni na tsara wannan. Yana cikin shirin. Karɓi kawai." Ya haɗa hannu ya sunkuya ya karɓi nasa, baƙi suka yi koyi da shi.

Sai aka rasa inda za a sa lemun, tunda kekunan baƙi ko ƙugiya ba su da ita. Nan Tokuji ya buga ƙirji ya ce a loda masa duka, shi da ya taɓa hawa tudun da ke gabanmu da buhun shinkafa uku da surukarsa a baya. Surukar nan uwata ce, kuma har ta mutu ba ta taɓa yarda ta hau kekensa ba.

Mun ɗan taɓa gaba kaɗan, iska ta fara kaɗawa, hanya ta miƙe tsakanin gonakin da aka girbe, har shugaban 'yan keken ya lumshe ido ya ce lallai wurin nan akwai natsuwa. Bai rufe baki ba lasifikar gari, wadda ke kan dogon ƙarfe don sanarwar ambaliya, ta yi ƙara ƙiiii. Muryar Goggo Fusae ta cika kwarin, tana dukan duwatsu tana dawowa.

"Jama'a, sun wuce gidana. Su takwas ne, kuma na ga alamar yunwa a jikinsu. Gidan Haruno a fito da dankali. Ginzo, ka daina barci."

Karnukan da aka ɗaure suka amsa gaba ɗaya. Zakaran da ke ƙarƙashin kwando shi ma ya sa baki. Malama Kirino ta dubi Tokuji, ya ce mata wannan gwajin na'ura ne, sau ɗaya ake yi a shekara, sun yi sa'a da suka zo daidai.

Daga nan ba mu sake yin tafiyar da ta wuce jifa ba tare da an tare mu ba. Gidan Haruno gasasshen dankali mai zafi, da shayi. Gida na gaba kanya, manya-manya, tiren guda, da shayi. Na gaba busasshen kifi da kan kabeji huɗu, da shayi. Wata da ba ta da amfanin gona ta kawo tawul da safa da ta saƙa da hannunta, ta tsaya sai da kowa ya cire takalmi ya gwada. Kuma duk wanda ya shanye kofinsa don ya tsira, sai a sake cika masa. Ba a jima ba shayi ya fara aikinsa, baƙi suka riƙa neman izinin shiga bayi, kuma duk wanda ya shiga gida sai ya fito rungume da wani abu.

Duka a kan keken Tokuji suke ƙarewa. Kwandon gaba ya cika ya yi tozo. Kariya ta cika, aka ɗaure da igiya, aka ɗora wani a kai. Jakunkuna suka rataya a kan keken dama da hagu, kifi yana lilo yana marin gwiwarsa. Yana taka feda yana nishi, gumi ya jiƙe farar rigar, amma bakin bai mutu ba. Yana ta nuna wa baƙi bishiyoyin da wai shi ya dasa, ciki har da wadda ta girmi kakansa.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Yaya, ba ni makullina in ɗauko mota in kwashe kayan nan."

"Mota? A Hanyar Shiru? A gaban hukuma?"

"Wane shiru ya rage?"

"Koma baya, Sadao. An ba ka famfo, ka riƙe famfo."

Baba Ginzo na jiran mu a gindin tudu, da baro. A cikin baron akwai kabewar da ya yi rainonta tun bazara don gasar gunduma, wadda ko jikokinsa bai yarda su taɓa ba. Girmanta ya kai tukunyar biki. Ya ce ya yi tunani, gasa ta duniya ce, gara ya ba masu ziyara.

Tokuji ya dubi kabewar. "Baba, wannan ai ta fi ƙarfin kyauta. Ka bar ta ta ci gasa, garin nan ya samu suna."

"Au, ƙi za ka yi?" in ji Baba Ginzo, ya ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji. "Da farar riga a jikinka?"

"Wa ya ce na ƙi? Cewa na yi ƙarama ce."

Babu sauran wuri a keken, don haka matar Ginzo ta kawo zani aka goya masa ita a baya, aka tamke a ƙirji. Ta ƙara da ɗanyen ƙwai cikin 'yar jaka, ta zura masa a gaban riga, ta ce ya bi da su a hankali.

Hawan tudun nan ba zan manta da shi ba. Hanyar kan zagaya ta bayan dutse ne ta gangaro ƙasan gari, wurin fadamar bado, inda Tokuji ya ɗaura ƙyalle ya ce nan za a yi bikin kammalawa. Ya hau feda ya tsaya a kai da duk nauyinsa, keke ya ce bai san zancen ba. Ƙarshe baƙin da aka gayyato shan iska su suka jingine kekunansu suka tura shi, Malama Kirino na riƙe da kabewa ta baya kada ta ja shi ƙasa, sannan suka koma suka ɗauko nasu. Yana sama yana ba da umarni, wai su lura da yadda yake sarrafa numfashi. Kafin mu kai ƙoli, tsofaffin garin sun bi ta 'yar gajeriyar hanya da sandunansu sun riga mu isa fadama. Daga sama muna hango su sun yi cincirindo, ga Noriaki a tsakiyarsu da baƙar kwat, ya zo ganin sakamako da idonsa.

Na ce a sauka a gangara da ƙafa. Malama Kirino ma ta ce haka. Amma Tokuji ya hango ɗansa. Ya gyara goyon kabewa, ya ce shi gangaren nan yana bin sa ido rufe tun ba a haifi iyayen wasu ba, ya saki ƙafa.

Da farko abin gwanin sha'awa. Sai keke ya fara gudu. Muka ji birki ya yi kuka, ya yi kuka, sannan ya yi shiru, kuma wannan ne kaɗai shirun da aka samu a ranar. Igiyar kariya ta tsinke. Lemu ya watse ya bi gangare yana tsalle, kanya na biye, kabeji na mirginawa a gefe kamar masu rakiya. Safa ta tashi sama. Tokuji ya buɗe ƙafafu, yana kaɗa ƙararrawa yana ihu a ba shi hanya. Jama'a suka dare biyu. Ya ratsa ta tsakiya, ya tsinke ƙyallen ba tare da ya sa masa hannu ba, ya haye gaɓa, shi da keke suka rabu a sama.

Fadamar bado ba ruwa ba ce, taɓo ne mai zurfi. Ya shige har ƙugu, kabewa ta rinjaye shi ya zauna daɓas, ƙwai suka fashe a ƙirjinsa suka gangaro. Na jefar da keke na ruga. Sai na ga ya ɗago hannu ya share taɓo daga ido ya ce, "Haka ake tsayawar gaggawa. Da gangan na nuna."

Garin ya fashe da dariya, har masu riƙe ciki suna neman wurin zama. Wani ya ce a kawo mota da igiya a jawo shi. Aka ce makulli. Tokuji ya shafa ƙugu, jaka ta yage, babu ko ɗaya. Nan dariyar maza ta tsaya. Baba Ginzo ya naɗe wando ya shiga lalube, yana ambaton kakannin Tokuji ɗaya bayan ɗaya, sauran masu motoci suka bi shi.

Malama Kirino ta iso, gashinta a hargitse, ɓawon ƙwai ko na lemu manne a takalminta. Ta sunkuya cikin ladabi ta ce ba ta taɓa ganin mutanen kirki irin na Hiyodani ba, kuma ba ta taɓa ƙoshi haka ba. Amma ofis hanyar keke yake nema, su kuwa tun safe turi suke yi da shan shayi, kunnenta kuma har yanzu amsa kuwwa yake. Ba za ta iya karɓar hanyar ba.

Noriaki ya matso bakin gaɓa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Baba, mun yi magana. Fito ka yi wanka, mu fara haɗa kaya."

Na jira in ji abin da Tokuji zai ce, domin bai taɓa rasa amsa ba. Ya dubi tudun, ya dubi rufin gidansa can bakin gada, ya sunkuyar da kai. Na ji da ma ya yi mana ko wace irin ƙarya ce.

Sai sandar Goggo Fusae ta daki ƙasa. "Noriaki, ina za ka kai shi?"

"Osaka, Goggo. Kin dai ga abin da ya faru."

"Na gani. Ba zai tsallaka teku ba. Ya sa farar riga, ya haɗa hannu ya karɓi kayan kowane gida a garin nan. Ƙafafunmu suna wuyansa. Sai ya kai mana su ɗakunan ibada tamanin da takwas, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya je sai ya dawo ya ba mu labari kafin ya tafi na gaba."

"Goggo, ai kin san ba masu ziyara ba ne. Kuskure aka yi."

"Ka ɗauka makanta ta kama ni? Mai ziyara da wando mai ɗame cinya? Su baƙi ne, ba su sani ba, mun yafe musu. Shi ɗan gari ne. Wa ya karɓi lemuna?"

Haruno ta ce da dankalinta. Baba Ginzo, daga cikin taɓo, ya ce da kabewarsa, kuma shi ba ya yafewa. Ni dai a garin nan aka haife ni, ban taɓa jin wannan doka ba, na tabbata a nan tsaye Goggo ta ƙera ta. Amma da Noriaki ya juyo ya ce, "Kawu, haka ne?" sai na ce tun zamanin kakanni haka take.

Noriaki ya dubi tsofaffin nan da suka kewaye shi, ba mai dariya a cikinsu yanzu. Ya dubi ubansa. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da irin tafiyar Baba, wannan ai sai ya ɗauki shekaru."

"Mu ba ma sauri," in ji Goggo Fusae.

Noriaki ya cire kwat ɗinsa ya miƙa mini, ya cire takalmi, ya shiga taɓon ya fara kwance wa ubansa goyon kabewa.

Tokuji ya ja hanci. Taɓo ya rufe masa fuska, amma na ga inda ruwa ya wanke layi biyu a kumatunsa. Ya gyara murya ya ce, "Tamanin da takwas kawai? Ni da keken nan, mako ɗaya ya yi yawa."

Goggo ta miƙa sanda ta ƙwanƙwashe shi a ka.

"A hankali za ka yi, ɗan nan," ta ce. "Ka ji ko? A hankali."